Sayen Gida a Gwanjon Bashi: Ramukan da Ke Jiran Sabon Shiga

Duk wanda ya tara ɗan abin hannu a ƙasar Gaya da Ajingi, ko ta fataucin hatsi, ko ta kiwo, ko ta zaman ci-rani a Legas da Fatakwal, burinsa na farko ƙasa ce: gona a bayan gari, ko fili a bakin titi, ko gida a cikin Kano da zai zuba 'yan haya. Farashi kuwa ya yi tashin gwauron zabo, har ta kai abin da mutum ya daɗe yana tarawa ba ya sayen filin da ya hango tun farkon tarin. A irin wannan hali ne dillali zai matso ya raɗa masa cewa akwai gidan da hukuma ta ƙwace saboda mai shi ya kasa biyan haraji, za a yi gwanjonsa a rabin kuɗi, amma fa sai an hanzarta. Ga kuma bidiyoyi a waya na mutanen Amurka suna nuna gidajen da suka ce sun saya da 'yan daloli kaɗan a gwanjon haraji. Matashin da ke zaune a Kademi yana ganin haka sai ya ce, to ni me ya hana ni?

Abu guda nake son ya riƙe kafin ya taɓa kuɗinsa. Wanda ya sayi kadara a gwanjon bashi yana karɓar haƙƙin wanda ake bi ne daidai yadda yake, da duk wata rigima da ke maƙale da shi. Ingancin cinikin kuma ya rataya ne a kan matakan da aka bi aka raba mai kadarar da ita, matakan da mai saye bai halarta ba. Idan an yi kuskure a can baya, shi zai biya.

Mu fara da Amurka, tunda daga can labarin ya taso. A can ƙananan hukumomi suna rayuwa ne da harajin gidaje da filaye, kuma wanda ya daina biya ana iya sayar da bashinsa ga wani, ko a sayar da gidan ɗungurungum. Abin da masu bidiyo ba su cika faɗa ba shi ne wa'adin fansa. A jihar Texas, idan gidan da mutum ke zaune ciki ne aka sayar, yana da shekara biyu ya dawo ya fanshi abinsa ta hanyar mayar wa mai saye kuɗinsa da ƙarin kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko, ko kashi 50 a ta biyu. Ribar ba laifi, amma wanda ya saya don ya zauna da iyalinsa zai yi shekara biyu bai san ko gidan nasa ne ba. Akwai kuma shari'ar Jones da Flowers da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 2006. Hukuma a jihar Arkansas ta aika wa mai gida wasiƙar gargaɗi, wasiƙar ta dawo ba a karɓa ba, aka ci gaba aka sayar da gidan ga wata mata. Kotu ta ce da wasiƙar ta dawo, wajibi ne hukuma ta ƙara yin wani ƙoƙari na sanar da shi. Matar da ta saya ba ta yi laifin komai ba, amma ita aka ja har Kotun Ƙoli a kan wasiƙar da ba ita ta rubuta ba.

A nan gida tsarin ya sha bamban tun daga tushe. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙewa izinin zama ne da amfani. A wuraren da aka ayyana a matsayin birni gwamna ke bayarwa, da takardar shaidar mallaka wadda galibi take da wa'adin shekara 99 da sharaɗin biyan kuɗin ƙasa. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da izini na gargajiya. Mafi yawan gonakin Kademi, Shagogo, Balan, Toranke da Gafasa ba su taɓa shiga wani ofis ba. Gado ne, ko saye a gaban mai unguwa da dagaci, ko kyauta, ko jingina. Babu tsarin da ake bi gona-gona ana lissafa mata harajin shekara, in ta gaza a buga mata ƙararrawa. Don haka duk wanda ya zo da labarin gwamnati za ta yi gwanjon wata gona a ƙauye saboda haraji, kafin a tambaye shi farashi a tambaye shi wace kotu ce ta ba da umarni, kuma mece ce lambar ƙarar.

Ba wai haraji bai taɓa raba mutanenmu da gona ba. A zamanin Turawa malaman taki sun bi gonakin ƙasar Kano suna awo da ƙafa don yanka kuɗi, kuma dattawa suna ba da labarin waɗanda suka jinginar da gona ko suka yi ƙaura da dare don gudun haraji, dagaci ya ba wani abin da suka bari. Gwamna Abubakar Rimi ne ya soke haraji da jangali a Kano bayan hawansa a 1979. Wannan tarihin yana da nasaba da maganarmu, domin har gobe mutanen karkara suna kallon wanda ya ci gonar wani ta hanyar hukuma da wani irin ido.

Yau ƙofofin da kadara ke bi ta isa kasuwa saboda bashi ba su wuce 'yan kaɗan ba. Ta farko ita ce soke shaidar mallaka saboda rashin biyan kuɗin ƙasa, wanda sashe na 28 na dokar 1978 ya buɗe wa hanya. Misali mafi girma a 'yan shekarun nan ya faru a Abuja. A watan Maris na 2025 Ministan birnin, Nyesom Wike, ya amince da soke takardun filaye 4,794 waɗanda masu su suka haura shekara goma ba su biya ba. Ranar 26 ga Mayu aka fara rufe gine-gine, ciki har da Wadata Plaza, hedikwatar jam'iyyar PDP. Kafin gari ya waye Shugaba Tinubu ya sa baki, aka ba waɗanda ake bin bashin ƙarin kwana 14 su biya tare da tara. A duba halin wanda ya riga ya ba wani ɗan tsakiya kuɗi a kan alkawarin za a sama masa ɗaya daga cikin filayen nan. Sannan dokar ta ce sokewa ba ta tabbata sai an rubuta ta da sa hannun jami'in da aka ba izini, an kuma isar da sanarwa ga mai filin. Inda aka yi sakaci da wannan, kotu na iya rushe sokewar, kuma takardar da aka ba sabon mutum a kan wannan filin ta bi ruwa.

Kada kuma a ɗauka cewa sayen abu daga hannun gwamnati shi ne ƙarshen magana. Mutanen Kano sun gani da idonsu a watan Yuni na 2023, lokacin da sabuwar gwamnati ta rushe shagunan Filin Idi da ginin da aka yi a harabar otal ɗin Daula, bisa hujjar cewa gwamnatin da ta gabata ta rabar da filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan abin da bai kai haka ba ko kusa. Ba ina yanke hukunci tsakanin gwamnatocin biyu ba ne. Abin lura shi ne da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa sayen hannu na biyu ko na uku suka yi, da takardunsu a hannu.

Ƙofa ta biyu ita ce hukumar haraji. Dokokin da aka daɗe ana aiki da su sun ba ta ikon kama kayan wanda ya ƙi biya, ta riƙe kwana 14 kafin ta sayar, amma sun ware gida da fili: waɗannan ba a sayar da su sai da umarnin babbar kotu. An sake fasalin dokokin haraji na tarayya a 2025, don haka aikin lauya ne ya buɗe nassin da ake aiki da shi ranar da za a yi cinikin. Abin da mai saye zai nema dai bai canza ba, wato umarnin kotu mai hatimi, wanda zai je wurin rajistaran kotun da ƙafarsa ya tabbatar.

Ƙofa ta uku, wadda ita ce mutumin Gaya ko Ajingi zai fi cin karo da ita, ita ce gwanjon da kotu ke yi don biyan wani bashi, da kuma wanda banki ke yi a kan kadarar da aka ba shi jingina. A nan ramukan suka fi yawa, kuma a nan ya kamata a tsaya.

Dokar zartar da hukuncin kotu ta ce ba a taɓa gida ko fili sai an nemi kayan ɗauka na wanda ake bi an rasa, ko ba su isa ba. Bayan an buga gwanjo akwai kwana 21 da za a iya shigar da buƙatar rushe cinikin idan an tafka babban kuskure wajen gudanar da shi. Sai bayan nan ciniki ke tabbata, kotu ta ba mai saye takarda. Ita kanta takardar, abin da take shaidawa shi ne ya sayi haƙƙi da rabon da wanda ake bi yake da shi a cikin kadarar. Ba ta ce gidan duka nasa ba ne.

A ɗauki misali. Magidanci ya rasu a Gaya, iyayensa sun riga shi, ya bar gida ɗaya da mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Ba a raba gado ba, kamar yadda aka saba, don kada a tarwatsa gida. Babban ɗan shi ke zaure, shi ake gani, sunansa ake kiran gidan da shi. Ya ci bashin taki ko na kayan shago ya kasa biya, aka yi ƙararsa, aka kai ga sayar da gidan. Wani bawan Allah ya saya yana murna. Ranar da ya zo karɓa sai ya tarar da tsohuwa a ɗakinta, ƙanwa guda da aurenta ya mutu ta dawo da yara, ƙanin kuma ya yi aure a sashen baya. A lissafin gado, matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Sauran bakwai ɗin, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Wanda ake bi bashin yana da biyu cikin takwas, rubu'in gidan ke nan. Abin da mai saye ya mallaka bai wuce wannan ba, kuma rubu'in ma ba a shata shi ba, ba wanda zai nuna masa ga ɗakinsa.

Bai ƙare a nan ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci ke bi a Kano, abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a: ya biya baƙon da ya shigo kuɗin da ya saya, ya karɓe rabon. Wanda yake gari kuma ya san da cinikin, haƙƙinsa yana faɗuwa idan ya yi shiru kamar shekara. Wanda ba ya nan kuwa yana nan a kan haƙƙinsa har ya dawo. A yankin da kusan kowane gida yake da ɗa a Kudu ko a Saudiyya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gona kuma tana da nata. Takarda za ta ce gonar wane, amma a je a gani. Iyakarta layin gamba ne da wata kuka da tsofaffi suka sani, kuma maƙwabci na iya cewa gambar ta matso tun zamanin kakansa. Ɗorawar da ke tsakiya wataƙila ta wata gwaggo ce da aka ba ta ita tun rabon farko, duk shekara 'ya'yanta ke zuwa ɗiban kalwa. Gefe guda burtali ne da shanu ke bi. Mafi muni, gonar na iya kasancewa a hannun wanda aka jinginar wa shekara da shekaru, ya zuba mata taki, gero ya fito, kuma ba zai ɗaga ba sai an mayar masa da kuɗinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai bayyana a sanarwar gwanjo. Mai unguwa ya sani, dagaci ya sani, masu gonakin da ke kewaye sun sani. Wanda ya saya daga Kano bai taka wurin ba, ya yi cinikin biri a sama.

Akwai wani sharaɗi a dokar 1978 da ko masu ilimi suna tsallake shi. Sashe na 21 ya ce ba a sauya hannun izinin gargajiya sai da amincewar ƙaramar hukuma, amma idan sayarwar ta umarnin kotu ce a ƙarƙashin dokar zartar da hukunci, to amincewar gwamna ake nema. Sashe na 22 ya ɗora irin wannan sharaɗin a kan filin da ke da shaidar mallaka, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Shari'ar bankin Savannah da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989, a kan wannan ta tsaya: banki ya shirya sayar da kadarar da aka ba shi jingina, mai ita ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba lokacin jinginar, kotu ta ba shi gaskiya. Kotuna daga baya sun yi ta nuna rashin jin daɗin mutum ya ci bashi sannan ya fake da sakacinsa, amma mai saye a gwanjon banki ya kamata ya ga takardar amincewar da idonsa. Idan kadarar a birni take, a je a yi bincike a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, da Ma'aikatar Ƙasa a ga sunan wa ke kan fayil, ko akwai wata jinginar, ko akwai bashin kuɗin ƙasa. A leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, a ga ko wurin bai hau titi ko magudanar ruwa ba. Filin awon igiya kuwa, ko kotu ce ta sayar da shi, yana nan a matsayinsa na awon igiya.

Batun kuɗi a taƙaice yake. Farashin da aka buga ba shi ne abin da za a kashe ba. Akwai la'ada, kuɗin lauya da na safiyo, kuɗin neman amincewa da na rajista, tsohon bashin kuɗin ƙasa da na wutar lantarki. Gidan da mai shi ya san zai rasa ba ya samun gyara, wani lokaci ma har ƙofofi da wayoyi ake cirewa. Idan akwai 'yan haya, ba a fitar da su da ƙarfi. Sai an ba su wa'adi, in sun ƙi a koma kotu. A haɗa duka, sau da yawa rabin kuɗin nan ya koma cikakken kuɗi.

Ranar gwanjon ma akwai abin tsoro. Sabon shiga yakan zo ba tare da ya yanke wa kansa iyaka ba, ya ga ana ɗagawa, zuciya ta ɗebe shi. Cikin masu ɗagawar akwai waɗanda ba saye suka zo yi ba, an ajiye su ne don su tura farashi sama. Shari'a ta halatta cinikin wa-zai-ƙara, ta haramta wannan yaudarar da ake kira najashi, amma haramcin bai hana ana yi ba. Sannan wa'adin cika kuɗi gajere ne, wanda ya ba da kafin alƙalami yana jiran ya sayar da shanu ko hatsi ya cika, yana iya rasa duka biyun. Kuɗi kuma a asusun hukuma ko na kotu ake zuba shi, a karɓi rasit. Hukumar Kwastan ta sha gargaɗin jama'a game da masu damfara da sunan gwanjonta, kuma salon ɗaya ne a harkar gidaje: gaggawa, sirri, da lambar asusun wani mutum.

Ba na cikin masu cewa sayen kayan gwanjon bashi haramun ne ko rashin imani. Mai bin bashi ma yana da haƙƙi, sau da yawa shi ma talaka ne da jarinsa ya maƙale, kuma in ba mai saye ba za a biya shi ba. Malamanmu na fiƙihu sun yarda alƙali ya sayar da dukiyar wanda bashi ya yi wa katutu. Amma a duba irin taka-tsantsan ɗin da suka gindaya. A Muhtasar na Shehu Halilu an nuna a sayar a gaban mai dukiyar, a bar zaɓi na kwana uku ko wani zai ƙara, a gaggauta sayar da dabbobi, amma gida da gona a jinkirta kamar wata biyu don a sami farashin kirki. Sun kuma yi magana a kan wanda aka matsa wa da zalunci har ya sayar da abinsa don biyan abin da ba haƙƙi ba, suka ce wannan cinikin bai lizimce shi ba, ana mayar masa da kayansa. Ma'ana, arahar da ta wuce hankali ita kanta alama ce da ya kamata ta sa mai tsoron Allah ya tambayi yadda aka yi.

Ga kuma zama da mutane, wanda babu kotun da ke yanke shi. A birni mai saye yana iya zuba 'yan haya ya yi tafiyarsa. A Kademi masallaci ɗaya za su yi sallah da wanda aka fitar, rijiya ɗaya matansu za su ɗebi ruwa, kuma gonar tana buƙatar maƙwabtan da za su kore mata dabba idan ba ya nan. Wanda wannan ne sayensa na farko, kuma duk abin da ya mallaka ne zai zuba, ba shi da ƙarfin shekarun shari'a, ba shi da ƙarfin gaba da dangi guda.

Shi ya sa na fi ganin hikimar hanyar da wasu dattawa ke bi. Idan an ji kadara za ta shiga gwanjo, a je wurin mai ita tun kafin ranar, ta hannun mai unguwa ko wani babba da yake jin nauyinsa. A tara magada duka, maza da mata, wanda ba ya nan a kira shi a waya a gaban shaidu ko ya aiko wakili. Idan gado ne a fara raba shi a kotu. A yi ciniki a farashin da ba zai sa kowa kuka ba, a kai kuɗin mai bin bashi gaban alƙalin da ke riƙe da ƙarar a rubuta cewa an biya, ragowar a miƙa wa mai kadarar. Daga nan dagaci da hakimi su sa hannu, a kai takardar sakatariyar ƙaramar hukuma a Gaya ko Ajingi don neman amincewa, a kira safiyo ya kafa duwatsun iyaka maƙwabta suna tsaye. Zai fi gwanjo tsada, zai kuma ɗauki watanni, musamman idan akwai magajin da sai bayan girbi yake dawowa gida.